Sunan da Ya Rufe Fuskar Rakiya

Bobiel, Yamai

Zuwa ga ɗiyata Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki kin sauka Damagaram lafiya, kin samu inda kika miƙe ƙafa bayan dogon zama cikin motar kar. Allah ya sa kin shiga garin da ƙafar dama, ya haɗa ki da abokan karatu na ƙwarai, ya tsare ki daga sharrin abin da kike gani da wanda ba ki gani. Gwaggonki Hawa tana gaishe ki. Ta ce kilishin da ta ƙunsa miki ba na rabo ba ne, in kin ga dama ki ci shi a ɓoye.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda cikin aljihun jakar ordinater ɗinki, injin da kike aikin fim da shi, alhali har jiya gida ɗaya muke kwana. Kin dai san ni, bakina nauyi gare shi. Nawa kika ɗauko, shi ya sa mu biyu muke iya wuni cikin studiyo ba wanda ya ce wa wani uffan in ba "miƙo mini caja" ba. Abin da na kasa faɗa da baki ne na ce bari in gwada da bik a takarda. A aljihun da kika samu takardar akwai kile, ɗan abin ajiyar fim ɗin nan da ake soka wa inji, ƙunshe cikin farin ƙyalle. Kada ki sa shi cikin inji sai kin kai ƙarshen karatun nan.

Kwanakin baya kina zaune kina montaj, kina harhaɗa fim ɗin bikin Fati, ɗiyar maƙwabcinmu, na tsaya bayanki da kofin shayi. Kin rubuta sunan ango da amarya, kin ba haruffan kauri, kin shafe su da ruwan zinariya, kin sa kowane harafi yana tahowa daga nesa yana juyi kafin ya tsaya kusa da ɗan'uwansa. Hannunki ya fi nawa laushi, ban dai taɓa gaya miki ba. Sai kika ja sunayen kika ajiye su tsakiyar ekran ɗin injin, daidai inda Fati ta ɗago kai. Kika waiwayo kika ce, "Baba, ya yi?" Na ce, "Ya yi," na ajiye shayin na fita. Da na dawo na tarar idonki ya yi ja, kuma tun ranar ba ki sake nuna mini aikin ba. Kin ɗauka rainawa na yi. Wallahi ba haka ba ne. Abin da na gani a ekran ɗinki na taɓa yin irinsa da hannuna, kuma shi ne dalilin da ya sa duk lokacin da kika tambaye ni fim ɗin aurena da mahaifiyarki nake ce miki ya ɓace. Bai ɓace ba, Mamana. Shi ne cikin kilen.

Lokacin da na baro Maradi ina saurayi, wani studiyo na faɗa a bayan kasuwar Katako, tsakanin masu sayar da katako. Kullum da safe sai mun busa garin zarto daga kan injin kafin mu kunna shi. A zamanin, titir ɗin fim, wato sunayen da ke fitowa a farko, farin rubutu ne kwance, kamar na allon lakol, wato makarantar boko. Ranar da na fara ganin harafi mai kauri, mai gefe da baya da inuwa, yana juyawa a hankali kamar ana buɗe ƙofa, na kasa cin abinci. Na zauna na koya. Na gane yadda ake ɗora wa harafi haske daga gefe guda don ya yi sheƙi, da yadda ake sa masa alama a inda zai taso da inda zai tsaya, injin ya cike tafiyar da ke tsakani. Kafin a jima amaren Yamai sun san ni. Sai yarinya ta zo da ƙawayenta ta ce, "Ni dai a sa sunana ya yi rawa irin na wance." Kaina ya kumbura, har na fara ganin kamar bikin ma don sunayen ake yin sa.

Mahaifiyarki, Rakiya, a kasuwar Petit Marché na fara ganin ta, tana taya innarta sayar da kayan miya in ta taso daga lakol. Na yi ta zuwa sayen yajin da ba ni da tukunyar zuba shi, har ɗakina ya koma sa mutum atishawa. Abokina Hamidu, Bazabarmen nan da kike kira Tonton, wato kawu, ya ce mini, "Kai Bahaushe, studiyo za ka buɗe ko gidan tuwo?" Ita kuwa ba ta taɓa kallon fuskata ba. Tana ƙulla yajin, kanta a ƙasa, ta ce, "Mai kamara, na jiya har ya ƙare?" Sunan da ta kira ni da shi ke nan har ta bar duniya. Littattafan nan da kike turawa ƙarƙashin matashi in kin ji motsina, na san a cikinsu samari suna da magana mai daɗi. Ni ba ni da ita. Abin da na iya ke nan, in sa suna ya yi walƙiya, sai na ƙudura cewa nata zai fi na kowace amarya.

Ba ta son kamara ko kaɗan. Da ta hango ta sai ta ja gyale ta rufe baki. Ranar bikinmu Hamidu ne ya riƙe kamarar, kuma tun daga kamu har kai amarya ba abin da ya samu sai lulluɓi da hannuwa masu lalle. Sai wajen buɗar kai, da aka ɗaga mayafin, kanta yana sunkuye, ya ce da Hausarsa ta Zabarmawa, "Amarya, duba shi da kyau. In bai yi ba mu mai da shi Katako a sake feƙe shi." Dariya ta kuɓuce mata. Ta ɗago, ta kalli kamarar ido cikin ido, ba hannu a baki, ba gyale. Bai fi tsawon numfashi biyu ba, ta sake sunkuyawa.

Da na zauna montaj, na ga duk fim ɗin ba wurin da ya kai wannan kyau. Sai na yanke shi daga inda yake, na kai shi farko, na ce a kansa titir zai hau. Na rubuta LAWALI DA RAKIYA da manyan haruffa daga wannan gefen ekran zuwa wancan, na ajiye su a tsakiya. Kwana da kwanaki ina kallon wurin nan, amma haruffan nake kallo, ko zinariyar ta yi duhu, ko inuwar ta faɗi daidai. Ban lura da abin da ke bayansu ba, don ni a kaina na riga na san tana nan.

Ɗiyata, kuskurena na farko ke nan. Suna ɗan rakiya ne, fuska ce mai biki. Kafin ki ajiye titir, kashe shi tukuna ki kalli hoton shi kaɗai, ki tambayi kanki wa ke ciki, kuma wa zai nemi wannan fuskar bayan shekaru. Ki nemar wa sunan bango, ko sararin sama, ko ƙasan ekran inda zannuwa suke. In babu wuri, ki ba shi baƙin fili nasa shi kaɗai kafin hoto ya fito. Mutanen gida sun san sunan ɗiyarsu. Yadda ta yi dariya ranar ne ba za su iya sakewa ba.

Ban tsaya nan ba, sai da na yi na biyu. Don in nuna gwaninta, na ja kaurin haruffan har suka zama kamar tubalin siminti. Na sa kowanne yana juyi a kan ƙafarsa, kuma ban bar su sun fita ba sai da hoton ya ƙare. Da siraran haruffa na yi, da duk lokacin da suka juya gefe sai su zama kamar kaifin wuƙa, fuskar ta fito. Da na sa sun shigo sun gaisa sun wuce, da an ga ƙarshen dariyar. Saboda haka ki riƙa sassauta hannu. Kauri kaɗan ya isa ido ya gane abu mai jiki ne. Juyi ɗaya ya isa. Ki bar sunan ya tsaya cik gwargwadon yadda tsohuwa mai haɗa baƙi a hankali za ta karanta shi, daga nan ki sallame shi. Baƙon da ya san lokacin tashi shi ake marmarin dawowarsa.

Na uku shi ne wanda ba ya gyaruwa. Na gama aikin, na fitar da shi a faifan sede, haruffan sun manne da hoton sun zama abu guda. Washegari aka zo kirana ɗaukar wani bikin suna a unguwar Yantala, ana sauri, na duba babu sabon kaset a studiyo. Kasuwa tana nan kusa, rana ce kawai na ji ƙyuyar shiga. Na ɗauki kaset ɗin bikinmu na ce ai an riga an gama da shi, na ɗora bikin sunan jaririn mutane a kai. Da na dawo injin ya cika, na share abin da ke cikinsa don in samu wurin sabon aiki. Duk wannan kafin la'asar, kuma ina yi ina fito.

Kada ki taɓa share ɗanyen hoto, Mamana. Ko kin gama, ko an yaba, ko inji yana kukan ya cika. Ki ajiye shi wuri biyu. Kuma duk fim ɗin da za ki ba mutane, ki fitar da wani wanda babu rubutu a kansa ko ɗaya ki haɗa musu da shi, ko ba su tambaya ba. Yayin zinariya zai wuce kamar yadda yayin farin rubutu ya wuce, wata rana jikokinsu za su so ganin hoton tsurarsa.

Ranar da muka kunna fim ɗin a gida, an shimfiɗa tabarmi, maƙwabta sun cika tsakar gida. Haruffan suka taso suna juyi, Gwaggonki ta rangaɗa guɗa, yara suna cewa a mayar baya. Aka mayar, aka sake mayarwa. Ni ina gefe ina jin kaina kamar wani gwamna. Da kowa ya watse, mahaifiyarki tana naɗe tabarma, ba ta dube ni ba ta ce, "Mai kamara, to ni ina nake?"

Na ce, "Ba ki ga sunanki da zinariya ba?"

Ta ce, "Sunana ai na san shi. Innata ce ta ce an ce na yi dariya, tana son ta gani. Matsar da shi gefe kaɗan mana."

A nan ne ya kamata in ce mata kaset ɗin babu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Gobe in sha Allahu."

Goben nan ta yi shekaru. Muka tashi daga gidan haya muka dawo Bobiel tun unguwar ba ta cika ba, na kawo injin gida, aka haife ki. Lokaci zuwa lokaci, tana tsinke zogale ko tana miki kitso, sai in ji daga bayana, "Mai kamara, yaushe za a matsar mini da sunan nan?" In waiwayo in ce aiki ya yi yawa, ko wutar kuran ba ta zama, ko sai na samu sabon inji. Ta yi murmushi ta ci gaba da abin da take yi. Ƙarya ɗaya ce, amma kullum sai na ɗinka mata sabuwar riga. In kin ɓata wa mutum abu, ɗiyata, ki gaya masa ranar, tun zafin bai huce ba. Zai yi fushi ya gama. Wanda kika ce wa gobe kuwa kin ɗaure shi ne, kin ɗaure kanki, kuma ke ce za ki fi jin igiyar.

Akwai kuma wani abu da sai daga baya na gane kuskure ne. Kin san in an gama jera haruffa masu kauri, sai an bar injin ya dafa su kafin su yi motsi sumul. Injinan da muke da su a da kuwa, sai ki sa aiki ki je sallah ki dawo bai kai rabi ba. Ba abin da hannuna yake yi a wannan lokaci, amma ba na tashi. Ina zaune na zuba wa ɗan layin nan ido yana rarrafe daga hagu zuwa dama, kamar kallona ne ke tura shi. Teburina yana fuskantar bango, ku kuna bayana. Ranar da kika fara tafiya, ta ce, "Mai kamara, duba uwarka ta miƙe." Na ce, "Bari ya ƙarasa." Kafin ya ƙarasa kin zauna daɓas. Kamara tana gefen gwiwar hannuna, da batir a cike. Na ɗauki ƴaƴan mutanen Yamai ba iyaka, na sa sunayensu sun yi rawa, amma cikin gidana ban taɓa danna ta ba, ina cewa ai mu muna nan. Shi ya sa abin da kika sani na mahaifiyarki bai wuce hoton katin ɗan ƙasa ba, da wancan da ta rufe baki da gyale.

In inji yana dafa aiki, ki tashi. Ba ya buƙatarki. Ki leƙa waje, ki gaida wadda kuke ɗaki ɗaya, ki kira Gwaggonki ta yi miki faɗan ba ki cin abinci. Kunya ba laifi ba ce, amma ni na mai da ekran wurin ɓuya, kuma ina ganin alamar haka a tare da ke.

Ciwon nata bai daɗe ba. Ba ki shiga lakol ba tukuna. Wata rana da hantsi a gidan likita, Gwaggonki ta fita da ke sayen wainar fari masa, muka rage mu biyu. Na ce yau zan faɗa mata. Na fara, "Rakiya, maganar kaset ɗin nan," sai ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Na sani. Tun satin sunan Yantala Hamidu ya gaya mini, ya ce kada in nuna maka."

Na ce, "To me ya sa kike ta tambayata?"

Ta ce, "Yo in na tambaya ai kana waiwayowa."

Can ta ce, "In yarinyar ta girma ka nuna mata hakanan. Ta ga dai ubanta ya iya rubutu." Tana faɗa tana dariya, irin waccan, ba hannu a baki. Kamara tana gida.

Ban cika mata wannan ba sai yau. Kina ƙarama na ce sai kin yi wayo. Da kika yi wayo na ji tsoron ranar da za ki kalli haruffan nan ki kalle ni, ke da kike ganin ba wanda ya kai Babanki iya titir. Duk sabon inji da na samu, fim ɗin nan nake fara sa masa, ko zai iya ɗaga rubutun. Bara na gwada irin na yanzu, masu cewa suna cike abin da aka rufe. Ya goge haruffan tas, ya ba ni wata kyakkyawar mace mai dogon hanci wadda ban taɓa gani ba. Na share ta nan take. Ke ma kada ki gwada, na roƙe ki. Ba ki san fuskar ba, za ki iya yarda da ta ƙarya.

Ga yadda za ki yi. Ki sa kilen, ki mayar da fim ɗin farkonsa, kada ki bar shi ya gudu. Ki riƙa tura shi hoto ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na koya miki in ana neman wurin yanka. A juyi na biyu, lokacin da kalmar "da" ta ba da gefe, wata ƴar kafa tana buɗewa tsakanin sunana da nata. Ki tsaya nan. Za ki ga idonta na hagu, da gefen kumatu, da wushirya. Wushiryar ba sai na gaya miki inda kika taɓa ganin ta ba.

Bayan haka ki sa abin ji a kunne ki sake shi ya tafi. A ƙa'ida, in za a ɗora kiɗa a kan titir, ana kashe sautin hoton da ke ƙasa. Ni ranar na manta ban kashe ba, har maigidana na studiyo ya yi mini faɗa ya ce aikin ƴan koyo ne. Cikin duk kurakuraina shi kaɗai nake gode wa Allah a kansa. A ƙarƙashin kiɗan za ki ji muryar Tonton Hamidu yana maganar Katako, daga nan ki ji ta. Zinariyata ba ta rufe wannan ba.

In kin gani kin ji haushina, kina da gaskiya, kada ki danne don ni ubanki ne. Ki kira ni ki faɗa, ko ki yi shiru har ki huce, zan jira. Abu ɗaya kawai nake roƙo kafin nan. Fim ɗin Fati yana cikin injinki, kin ce daga can za ki ƙarasa ki aiko. Ki saukar da sunan ƙasa, wajen hannuwanta, ki rage masa kauri, ki bar uwarta ta ga ɗiyarta. Sauran aikin kada ki taɓa komai, ya yi kyau ƙwarai, abin da ya kamata in ce miki ke nan ranar.

Jiya bayan kin gama haɗa kaya kin shiga wajen Gwaggonki, na ja teburin studiyo na juya shi. Yanzu ƙofa yake kallo. In kin dawo hutu, tun daga bakin zaure zan gan ki.

Allah ya kiyaye ki a zaune da tafe, ya tsare miki mutuncinki da lafiyarki, ya buɗa miki karatu, ya sa albarka a hannunki. Allah ya jiƙan Rakiya, ya haskaka makwancinta, ya yafe mini abin da na rage ta da shi. Ya dawo mini da ke lafiya.

Mahaifinki,
Lawali mai kamara